Itatuwan gonar aro

Ana sallame sallar asuba muka bar Tasawa, ni da ƙanena, cikin wata motar kasuwa da nake zaton ta girme ni. Direba ya ce kuɗin mota ya hau don isansi, wato man fetur, ya hau. Na tambaye shi ko isansin ya taɓa sauka, ya ce in matsa in ba buhun albasa wuri.

Gona ce ta tashe mu. Babanmu ya bar mana ita a wani ƙauye kusa da Sarkin Hausa, mu kuwa mun zama 'yan birni, sai muka ba Nomau aronta, taubashinmu, ɗan gwaggonmu. Da ita yake ci da gidansa tun gemuna yana baƙi. Kwanan baya labari ya iso cewa wani furoje, wato shirin raya karkara, ya shiga ƙauyen da tallafi, kuma gonar ta cika da itatuwa. To, kowa ya san ƙa'idar gonar aro. Ka shuka hatsi, ka shuka wake, amma ba ka dasa itace, don wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce. Ƙanena ya ce mu je mu karɓe abinmu. Ni ne babba, bakina ake jira.

A Mayahi muka karya da masa da hura. Masar ta ƙanƙance har sai da na sa tabarau kafin na same ta a faranti. Nan na yi wa ƙanena bayanin furojen, tunda na kai aji uku a lakol kafin malamin ya kasa riƙe ilimina. Na ce masa akwai wani hayaƙi da ake kira karbon, motoci da masana'antu suke zuba shi sama, shi ke ƙara zafin duniya, itace kuwa shanye shi yake. Masu hayaƙin suna can, masu shan zafin muna nan, shi ya sa suke aiko da tallafi. Ya ce ya fi ni sani. Na ce ai ƙane bai taɓa fin wa sani ba, sai dai karatu.

Daga nan kabu-kabu muka hau, rairayi yana ta jan tayar kamar mai binmu bashin gaisuwa. An gama kaka, gonaki sai kara, amma gawo ya yi kore shar, awaki suna tsintar 'ya'yansa a ƙasa.

Tallafin ba abin da muka zata ba ne, ba a sa wa kowa kuɗi a aljihu. Ƙungiyar ƙauyen aka ba. An cire injin mai shan gazuwal daga rijiya an sa famfo mai aiki da hasken rana, mata sun koyi gina murhun laka da ba ya cin itace da yawa, manoma kuma sun yi alkawarin barin tohon kututture in sun zo sassabe. Na sha ruwan famfon don in tabbatar ba ya ɗanɗanon rana.

Ba mu iske Nomau gida ba. Matarsa ta ce tun safe ya tafi gona da gatari. Muka bi shi can, tun daga nesa muka ji sara. Gawon da ya fi kowanne girma yana kwance, shi kuma ya koma kan wani kalgo, gumi ya jiƙe rigarsa.

"Bawana, sannu da ɓarna," na ce.

Bai rama ba, shi da bai taɓa barin maganata ta faɗi ƙasa ba.

"Na ji kuna tahe," ya ce. "Wallahi ko ɗaya ban dasa ba, da kansu sunka hito, na bar su. Amma in itace ne zai raba ni da gonar ga, gara in raba ta da itace. Ɗiyana hatsi suke ci, ba inuwa ba."

Na karɓi gatarin na zauna a kan ƙotarsa, don tsohon mutum ba ya tunani a tsaye. Ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwan ta yi duhu da taki, ba haka babanmu ya bar ta ba. Ƙanena ya ce shi ba Nomau yake tsoro ba, ranar da babu mu ukun yake tsoro, ranar da jikoki za su nuna gawo su ce shi ne shaidarsu. Gaskiya ya faɗa.

Sai muka ɗunguma wurin mai gari, aka kira liman da manyan 'ya'yan Nomau. A gabansu na ce gona tamu ce, aro kuma yana nan, itace ko ya cika ta ba zai canza mai ita ba. Reshe da 'ya'yan itace na Nomau ne, mu kuma damin hatsi guda kowace kaka, don kada a manta. Aka yi fatiha. Mai gari ya ce rabin masu aro a ƙauyen ba su shiga alkawarin barin toho ba, saboda wannan tsoron.

Sai da muka zo tafiya bakin Nomau ya dawo. Ya ce in zo da kaina in ɗauki damin, in bayana zai iya.

Mun iso Tasawa da magariba, ƙugu yana ƙara. Abin da na koyo shi ne, masu tallafi sun yi tunanin hayaƙi da rana da murhu, Allah ya saka masu, amma ba su tambayi mai gona ba, alhali tsoronsa ya fi gatari kaifi. Ni ban ce a sare kome ba, labarin zuwana kawai ya kada gawo. Nomau ya ce kututturen zai yi toho, na kuma yarda. Sai dai ni da shi ba wanda zai zauna a inuwarsa.