Ranar da Jakinmu Ya Bar Ƙasa

Gidanmu gidan masassaƙa ne. Kakana turmi ya sassaƙa, Baba ma haka, ni kuma na buɗe ido na tarar da gizago a hannuna. A Dakoro ta lokacin, 'yan shekaru bayan Nasara ya naɗe tutarsa ya tafi, da wuya ka wuce gida uku a jere ba ka ji ana daka a turmin Baba ba. Mata kan ce turminsa ba ya tsagewa, ba ya watsar da hatsi. Nawa kuwa in an so a yaba sai a ce, "Ba laifi, ai ɗan gado ne." Wannan yabo yana ƙona mini rai har yau.

Ka'idar sana'armu ita ce ba a kawo gungume gida. Inda itace ya faɗi, can ake bin sa. Mukan yi kudu, wajen Sabon Maci inda kirya take, mu kwana uku ko huɗu a daji muna raraka, sai turame sun yi sauƙin ɗauka a ɗora biyu a kan jaki, ɗaya dama ɗaya hagu, a kamo hanya. Kirya nauyi gare ta na fitar hankali, ba wanda ya taɓa tunanin ɗauko ta ɗungurungum.

To, sai gwiwoyin Baba suka ƙi. Hannunsa lafiya lau, idonsa garau, amma tafiyar yini guda cikin rairayi da kwanan daji sun fi ƙarfinsa. Wata safiya ya kira ni, ya miƙo mini gizagonsa a naɗe cikin tsumma.

"Amshi," ya ce. "Ni da daji mun yi bankwana."

Daga ranar ya koma zama gindin itacen bedin ƙofar gida, yana kallon masu wucewa. Abinci ya rage ci. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ya daina tsokanar Inna, mutumin da a da ba ya iya shan furarta bai ce ta yi tsami ba. Na ga ubana yana ƙarewa a zaune, kuma na ji tsoro ƙwarai.

A shekarun ne amalanke ya fara shigowa garinmu, wanda ma'aikatan gona ke kira sharet. Wani ɗan kasuwa mai safarar hatsi zuwa Maraɗi ya kawo guda biyu a bayan motarsa, ya ajiye a ƙofar gidansa. Ina ganinsu dabara ta faɗo mini: tunda Baba ba ya iya zuwa wurin itace, a kawo masa itacen. Da na gaya masa, ko kallona bai yi ba.

"Tun kakanka mu ka zuwa wurin icce," ya ce. "Yau kuma icce ka zuwa wurinmu? Allah shi ba da sa'a."

Na sayar da ɗan maraƙina, na ja abokina maƙeri muka tafi zaɓe. Tare muka tashi da shi, siriri ne, baki gare shi kamar reza. Ɗaya amalanken babba ne, na shanu, mai ƙafafun ƙarfe, an shafe shi da koren fenti. Ɗayan ƙarami, na jaki, da tsofaffin tayoyin mota. Ni babban nake so, ba don komai ba sai don a gan ni a kai.

"Shanun hwa?" in ji maƙeri. "Ko kai da matarka za ku ja?"

Na ce shanu a samu aro.

"Tau, ka samu. Wagga ƙahwar ƙarhe in ta shiga rairayin Dakoro sai kaka ta gaba ka hiddo ta. Kuma hanyar da ke tsakanin gonaki, kamu nawa ce? Ka tattake wa mutane hatsi ka sha kira wurin sarki."

Na yi fushi, don gaskiya ya faɗa. Muka karya karan dawa muka auna faɗin ƙaramin, muka je muka gwada a lungun gidanmu, ya shige da sauran wuri. Shi muka ɗauka, ina ta cika ina batsewa.

Kwana biyar muka yi muna shirya shi. Muka cire allunan gefe, tunda ba buhu za mu ɗauka ba. Na sassaƙa katako biyu na aduwa, na fafe tsakiyarsu yadda gungume zai kwanta ba ya mirgina. Maƙeri ya ƙera ƙugiyoyi huɗu na ɗaure igiya. Matata ta sake cusa wa akumarin jaki ciyawa, muka yi masa sabon majayi na fata mai faɗi. Da aka zo kafa katakan nan biyu, maƙeri ya tambaye ni inda zai buga ƙusa. Na dubi jakina. Shekara bakwai muna tare, bai taɓa kayar mini da turmi ba. Tausayinsa ya kama ni, na ce a ja su can baya, nesa da shi, kada kirya ta karya masa gadon baya. Maƙeri ya ce wannan kam magana ce ta hankali. Mu duk iliminmu na lodin jaki dama da hagu ne, ba wanda ya taɓa gaya mana kaya na da gaba da baya.

Akwai wata kirya ba nisa sosai da gari da iska ta kayar tun bara, na riga na karɓi permi, takardar izinin sara, a kanta wurin gardi mai tsaron daji. Muka isa da hantsi, muka datse gungume mai tsawon turmi biyu. Muka jingina sanduna biyu a gefen amalanke, muka zagaya igiya, muka yi ta ja muna nishi, jaki na ɗaure a gaba yana kaɗa kunne. Gungume ya hau, ya hau, ya faɗa mazauninsa, tim.

Kafin in ce alhamdulillahi, gindin amalanke ya daki ƙasa, hannuwansa suka yi sama, jakina ya bi su. Majayin nan mai ƙarfi da muke alfahari da shi ya riƙe shi tamau ta ciki. Ga shi can a rataye, ƙafafu huɗu na tafiya a iska. Da farko ya dai waiwayo ya dube ni. Sannan ya ɓarke da kuka.

Gungumen da ya kamata ya zame ya sauka, wani guntun reshe ya maƙale shi a katako. Na kama hannun amalanke na yi lilo, maƙeri ya kama ɗayan, amma nauyin maƙeri bai fi na zakara ba. Muna cikin haka wasu Fulani mata uku masu tallan nono suka ɓullo ta hanyar gari. Babbarsu ta tsaya, ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta ajiye a ƙasa don kada nono ya zube, sannan ta zauna ta yi dariya har da hawaye.

Da ƙyar na sare reshen, gungume ya sulale, jaki ya dawo duniya. Daga nan ko da sanda ya ƙi yarda a matsa da shi kusa da itacen. Muka juyo gida da amalanke fayau.

Labari ya riga mu isa. Tun daga bakin gari yara ke tambaya ko gaskiya ne jakin masassaƙa ya yi fiffike. Wani tela ya leƙo ya ce in za mu Makka da shi a ajiye masa wuri. Inna ta tare mu da sannu, bakinta rufe da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Maraƙi ya tafi, gungume na daji, Baba na nan inda na bar shi.

Na durƙusa na gaishe shi.

"Kamu nawa ya yi sama?"

"Kamar biyu, Baba."

"Shina ta tahiya?"

"Shina ta tahiya."

Sai Baba ya fashe da dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Inna ta kawo ruwa, ya kurɓa ya ce ruwan ma ɗumi gare shi, ita ko randa ba ta iya kula da ita ba. Inna ta ce to ya tashi ya ɗebo da kansa. Wata shida rabon da in ji wannan faɗan nasu.

Ya dogara sandarsa ya zagaya amalanken sau biyu. Ya ƙwanƙwasa katakan, ya leƙa ƙarƙashi ya dubi sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyi.

"Gobe da sahe ka ɗora ni," ya ce. "Ka ce ma abokin naka shi taho da kayan aikinai."

Washegari muka shimfiɗa masa buzu a kai muka tafi. Tun a hanya ya fara nuna itatuwa da sanda, wannan shi ya sassabe ta, waccan a gindinta suka kwana da kakana. Da muka isa ya sa aka kwance jaki aka ɗaure shi can nesa a inuwa. Ya zauna kan kututture.

"In za ka ɗauki azara bisa kai, ina kaka aza gammo?"

Na ce a tsakiya.

"Tsakiyar tsawo ko tsakiyar nauyi?"

Maƙeri ya shiga duban sama.

Ya sa muka kwantar da sanda a ƙasa, muka mirgina gungumen a kanta, muna matsawa kaɗan kaɗan har ya tsaya bai rinjaya ko'ina ba. Wurin ya fi kusa da gindin, inda ya fi kauri. Baba ya ce in yi alama da gatari. Ya ce ƙarfen tayoyin nan shi ne kan mai ɗauka, alamar ta zauna gabansa da yatsa huɗu, yadda jaki zai ji kaya a bayansa kaɗan ya san aiki yake yi. Maƙeri ya ciro ƙusoshi ya matso da katakan gaba. Baba ya ƙara da cewa a yanko gwafa biyu a tokare amalanke gaba da baya kafin a yi lodi, kuma kada a kuskura a ɗaura dabba sai an gama ɗaure kaya.

Wannan karon gungume ya hau ya kwanta lafiya. Na ɗaga hannun amalanken da hannu ɗaya, ya taso ba wuya. Jaki ya zo yana harararmu, muka ɗaura shi, ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya ji ƙasa na nan, ya kama hanya. Baba na zaune a gaba, bayansa jingine da kirya, mu muna turawa inda rairayi ya yi zurfi.

Da la'asar muka shigo gari. Mutane sun taru a lungunmu don su ga tashi na biyu, ba su samu ba. Telan nan ma shi ya kama mana muka sauke gungumen a gindin bedi.

Da gari ya waye na fito da gizagon daga tsummansa, na auna, na ɗaga zan yi saran farko. Baba na zaune a wurinsa na kullum.

"Nan za ka sara?"

"Nan, Baba."

"Ba ka ga tsagar da ta biyo ta gehe ba? Za ka ɓata icce mai kyau." Ya jawo buzunsa ya matso har gwiwarsa ta taɓa gungumen, ya naɗe hannun riga, ya miƙo mini tafinsa. "Maido mani abina."

Na sa masa a hannu. Ya tofa yawu a tafi, ya gyara riƙo, ya sara. Daga cikin gida na ji Inna ta tsayar da daka tana saurare. Can ta ɗaga murya ta ce yanzu kuma wa zai share mata wannan ɓarɓashin a ƙofar gida.

"Ke za ki share," in ji Baba, bai ko ɗaga kai ba. Ya sake sara.