Ba Kyari da Magagarinsa

Ku da kuka san Ba Kyari mai gyaran rediyo, wa ya taɓa ganinsa ba magagari a aljihu? Ko ɗaurin aure da shi yake zuwa! Ni Mamman tela, rumfata manne take da tasa a kasuwar Diffa, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba.

Rigimar ta taso lokacin da akwatunan gem suka fara shigowa daga Maiduguri, irin waɗanda ake jona wa tele a cusa musu kaset. Ba Kyari ya sayi biyu, baƙa da fara, samari na zuwa suna bugawa. Ran nan ya ɗauki kaset ɗin baƙar ya kai bakin farar, ya ƙi shiga. Wayyo! Kamar an zagi kakansa.

"Mamman, zo ka ga rashin kunya! Kaset ɗin waƙa ka sayo a Bosso, ka sa a rediyon Damagaram, ya yi magana. Tiyar da ake awon tattasai da ita, duk kasuwa an san ta. Su waɗannan me ya hana su zauna su yi wa akwatunan baki ɗaya?"

Na ce, "Ba Kyari, kowa cinikinsa yake tsaro."

"Ciniki? Baƙin hali dai!"

Ana nan sai Alhaji Sani, Badamagaren nan mai butik, wato kanti, ya kawo sabon kaset fil da ya sayo wa ƴaƴansa, bai shiga akwatinsu ba. Shawara kawai ya zo nema. Ba Kyari ya ce ya je sallar azahar ya dawo. Alhaji na juya baya na fara jin ƙar-ƙar-ƙar! Kafin ya dawo an goge wa kaset kunnuwa biyu da magagari, an danna shi ciki da tafin hannu. Aka kunna tele, ba komai sai shuuu.

"Kyari, ka kashe mini kaya!"

"Alhaji, ya shiga ko bai shiga ba?"

"Ya shiga, amma ina wasan?"

"To ai baƙo ne. Ba su kwana biyu su saba."

Sai da liman ya sa baki kafin Alhaji ya sake amsa gaisuwarsa.

Kuna tsammanin ya daddara? Ina! Sai ya kira malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe Ari, ya ce ya rubuta masa wasiƙa da Faransanci. "Rubuta: Zuwa ga sarkin masu gem, Japon. Bayan gaisuwa, ku ji tsoron Allah." Har da ƙullin jan tattasai ya tura cikin ambulan, wai ba a zuwa wurin manya hannu rabbana. Duk Talata sai ya leƙa gidan waya. In na tsokane shi, "Ina amsa?" sai ya ce, "Suna shawara. Babbar magana ba a yanke ta a tsaye."

Wata rana kuwa sai ga shi a guje, hula a hannu. An kawo wani kaset da aka rubuta wasa dubu a jikinsa. "Mamman! Wasiƙata ta isa! Sun fara haɗewa!" Ya saya wa duk layinmu shayi. Da samari suka bincika, wasa biyar ne ake ta maimaitawa da suna daban-daban. Ya shafa gemu, ya ce, "Tattasan ne ya yi musu kaɗan."

Da Allah ya yi masa rasuwa, ranar zaman makokinsa ƙofar gidan ba masaka tsinke. Direbobi, manoman bakin kogin Komadugu, har da wani soja, duk waɗanda suka girma a rumfar nan. Ana ta ba da labarinsa ana danne dariya, sai sojan ya ce, "Wai shi wane wasa ya fi so?"

Muka dubi juna. Ba wanda ya taɓa ganinsa ya buga ko sau ɗaya.

Daga zaure matarsa, Ya Falmata, ta ce, "Idonsa ya daɗe ba ya ganin tele. Ihunku yake zama ya ji. Allah bai ba mu haihuwa ba, sai ya ce ku ne ƴaƴansa."

Allah ya jiƙan Ba Kyari, ya haskaka masa kabarinsa, ya sa kada ya yi kewa a can. Amin.