Mai Cire Ƙaya a Bakin Iyaka

Kusa da rumfar 'yan kwastan ta Jibiya akwai wani tsoho da ke zama gindin tsamiya, da matsefata rataye a wuyansa kamar laya. Na ji ana kiransa Kalilu. Dugadugansa duk faso, ina jin tsohon falke ne da ya sha hanya.

Ga wata mata tafe daga wajen Maradi, tana ɗingishi, rana na neman narkar da man shanun da ta ɗauko za ta kai kasuwa.

"Zauna nan, ɗiyata. Miƙo ƙafar."

Yana tonawa a hankali yana yi mata hira, har ya zaro ƙaya mai tsawon gaɓar yatsa. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa 'yan kwastan.

"Ga baƙuwa daga ƙasar Faransa, ta shigo ba takarda!"

Kowa na dariya. Matar ta taka ƙasa, ta sake takawa.

"Alhamdu lillahi! Baba, Allah shi biya ka."

Sai na dubi ƙafafuna da suka kawo ni daga Riko lafiya lau. Ban taɓa gode wa Allah saboda su ba sai yau.