Fure a Tulun Zumuntar Mata

'Yan uwa, yau Allah ya fid da mu kunya a garin Clinton.

Cocin Turawan da suka ara mana ɗakin ƙasa sun gayyaci zumuntar mata mu yi waƙa. Muka nemi tulun kiɗanmu, wanda Mama Saratu ta rungumo tun daga Kagoro, muka rasa. Ashe wata tsohuwar Baturiya ta shuka fure a ciki, ta girke shi bakin ƙofa!

Mama Saratu ta ce, "Baiwar Allah, ba na fure ba ne." Ta juye shi, ta goge da bakin zani, ta buga.

Tsohuwar ce ta fara tashi rawa. Fastonsu ya ce daga yau mu hau sama, babban ɗakin sujada namu ne duk Lahadi da yamma.