Oom Jafta da Ƙararrawar da Ba Ta da Harshe

Kafin rana ta leƙo ta bayan dutse, Oom Jafta Kiewiets, wato Kawu Jafta, ya riga ya jingine kekensa a ƙofar ɗakin gangunan giya. Ba ya gaisawa da kowa sai ya gaisa da gangunansa tukuna. Yakan bi su layi-layi yana ƙwanƙwasa cikinsu da gaɓar yatsa, ya kara kunne. Wadda ta yi ƙasa ya cika ta, wadda ke zufa ya shafa ta yana yi mata faɗa ƙasa-ƙasa kamar jikarsa. Sannan ya ɗebo kaɗan a kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar a magudana. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan aiki, kuma duk kwarin nan an san ko ɗigo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Abin shansa baƙin kofi ne, da sukarin da zai sa likita ya dafe kai.

Ku mambobin kulob ɗinmu da akwatin kwalabe ke iske ku har gida, kun daɗe kuna shan aikin hannunsa ba ku san fuskarsa ba. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ni kuwa da nake rubuta muku labaran gonar nan, a gidajen ma'aikata aka haife ni, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Don haka kada ku sa ran zan yi muku alƙalanci. Ina son tsohon nan, kuma ba zan ɓoye ba.

Akwatin watan Satumba na Ranar Gado ne, ranar da ƙasarmu ke tunawa da al'adun da ta gada, kamar kowace shekara, kuma bana hoton da ke jikin kwalba na tsohuwar ƙararrawarmu ne, wadda ke rataye a farar hasumiya gaban babban gida. Wanda ya taɓa zuwa ya san ba ta da harshe, ko ka girgiza ta ba ta cewa uffan. Ya kuma san labarin da ake bai wa baƙi: wai a zamanin yaƙin Boer da Turawan Ingila, kakan gidan ya cire harshen ya miƙa wa mayaƙa a narka a yi harsasai, don kishin ƙasa. Labari ne mai daɗi, yana tafiya da jar giya sosai. Elsabe, wadda ta gaji gonar daga mahaifinta, ta tashi da shi tun tana goye. Shi ya sa da zuciya ɗaya ta shirya wa Oom Jafta karramawa: a sa maƙeri ya ƙera sabon harshe, ranar biki kuma Oom ya ja igiya da hannunsa a gaban mambobi duka, ƙararrawar ta sake magana.

Maganar ta iso gidajenmu. Samari ba su ga abin damuwa ba, amma duk wanda ya haura arba'in sai ya sunkuyar da kai. Uwata ta ajiye kwanon wanke-wanke ta ce, “In abin nan ya sake kuka a gonar nan, ni dai sai in koma wajen ƙanwata a Worcester.”

Washegari da hantsi ina ofis tare da Elsabe muna zaɓen hotuna, sai ga Oom ya shigo, hula a hannu. Matarsa Antie Truida na biye da shi, ta rungumo wani abu a cikin tawul kamar jariri. Ta dire shi a kan tebur, teburin ya amsa.

Elsabe ta ce, “Antie, mene ne wannan?”

“Harsasan kakanki ne, 'yar nan. Ga su nan ba a harba ko ɗaya ba.”

Ta buɗe tawul ɗin. Harshen ƙararrawar ne, baƙin ƙarfe mai kan gora, ya yi santsi da tsufa. Na san shi sarai, don na sha tuntuɓe da shi. Shi ke tokare ƙofar kicin ɗin Antie shekara da shekaru.

Oom ya ce, “Truida, a hankali mana.”

“A hankali me? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yarinya, da ƙararrawar nan aka ɗaura mana aure ni da wannan tsohon kurman. To ko lokacin ma ana yaƙin ne ban ji ba?”

Elsabe ta kalli ƙarfen, ta kalli Oom, ta jawo masa kujera. Abin da ya gaya mata a taƙaice ya faɗa, don shi magana tsada take masa. Ni zan faɗa muku da tsawo, domin ina wurin aka yi.

Ƙuruciyarmu a gonar nan tana da daɗinta, ba zan yi butulci ba. Ina tuna lokacin girbi, mata na waƙa a tsakanin layukan kurangar inabi, alfadarai na jan keken inabi, mu yara hannuwanmu sun yi shuɗi da sata. Ina tuna ƙamshin burodin da ake gasawa a kan garwashi, da busasshen kifi, da Oom yana ɗora mu a kekensa har mu huɗu yana cewa shi jirgin Cape Town ne. Amma a cikin duk wannan akwai ƙararrawa. Da safe ta yi kuka, da rana ta yi, da yamma ta yi, kuma duk kukan da ta yi, iyayenmu maza sukan ajiye almakashi su jeru a ƙofar ɗakin ganguna, kowa da gwangwaninsa. Dop ke nan, giyar da ake zuba wa ma'aikaci a madadin wani ɓangare na ladansa. Doka ta daɗe da hana shi, amma doka ba ta cika hawo hanyar tsakuwa ba. Yaro na fara aiki ake ba shi gwangwaninsa. Ranar Juma'a da yamma uwaye kan tura mu ƙarƙashin gado kafin maza su dawo.

Mai jan igiyar kuma mai zubawar shi ne Jafta, don shi kaɗai maigidan, Oubaas Wynand mahaifin Elsabe, ya yarda ya bai wa mabuɗin ɗakin, tunda ba ya sha. Dop ne ya kai mahaifin Jafta kabari, ga shi kuma kullum shi ke cika gwangwanin abokan wasansa. Ya yi shekara da shekaru yana haɗiye wannan. Rannan ya ɗaga kai a layi sai ya ga ɗan ƙanwarsa, gemu bai ko tsiro masa ba, ya miƙo gwangwani.

Ranar Lahadin da ta biyo, mutanen babban gida na coci, ya ɗauko tsani da rana tsaka, ya hau ya cire harshen ƙararrawar, a idon duk wanda ya ga damar kallo. Litinin da safe Oubaas ya fito ya ja igiya da kansa, ƙararrawa ta yi ta lilo ba sauti.

“Jafta! Ina harshen?”

“Ta gaji da magana, Oubaas.”

“To buga garma a madadinta, ka zuba wa mutane.”

“Ga mabuɗi. Ni na gama zubawa.”

“Ka san gidan da kake ciki na wane ne?”

“Na sani, Oubaas.”

“Kafin Asabar ka kwashe komatsanka.”

Kada ku ɗauka an ɗaga shi sama ana kirari. Mazan gona sun fi Oubaas fushi. “Waliyyin ganga!” suke ce masa. “Kai ba ka sha, ka hana masu sha!” Wanda ya fasa masa leɓe a bakin famfo kuwa ubana ne, Dirkie, abokinsa tun suna kiwon awaki. Ina riƙe da bokiti na gani. Oom bai rama ba. Ya tofar da jini ya ce, “Dirkie, 'yarka na kallo.”

Mata ne suka tare masa. Girbi ya kusa, inabi ya nuna har tsuntsaye sun fara biki, sai Antie Truida ta bi gida-gida. Da safen da za a fara tsinka, matan gonar nan kaf suka zauna a gindin hasumiya, kwanduna a kife. Oubaas ya zagaya su da mota, ya yi ihu, ya koma gida, ya sake fitowa. Da rana ta take, ya jefa wa Jafta mabuɗi ya ce a tashi a kama aiki. Dop bai mutu ran nan ba, wani aka sa ya riƙa zubawa a bayan rumbu. Amma ba ƙararrawa, ba layi a idon jama'a, kuma wanda ya ƙi gwangwani ana ba shi gari da sukari da kofi. Sannu a hankali layin ya yi ta gajarta. Ubana na cikin na ƙarshe da suka bari, kuma Oom Jafta ne ya riƙa zama da shi a dakali lokacin da hannuwansa ke karkarwa, yana ɗura masa kofin nan nasa mai kashe mutum.

Oubaas bai taɓa tambayar harshen ba kuma. Da baƙi suka fara zuwa ɗanɗanon giya suna tambaya, sai ya haifi labarin yaƙi. Mu ma muka bar masa, don kowa na da abin da yake rufe kunyarsa da shi.

Elsabe ta sake kallon ƙarfen. Sannan ta yi dariya, dariyar ta juye kuka.

“Oom, me ya sa ba ku taɓa gaya mini ba?”

“Ubanki ne, yarinya. Kuma ya mayar mini da mabuɗi. Ba kowane ne zai iya ba.”

“To yanzu me kake so a yi?”

“Ki gasa nama, ki buɗe kwalabenki, ki yi jawabi in kina so. Ita dai ki bar ta ta huta.”

Antie ta naɗe ƙarfenta a tawul. “Wannan kuma zan koma da shi, iska na bugo mini ƙofa.”

A ranar Elsabe ta kira maƙeri ta ce ya bari. Ita ce kuma ta ce in rubuta muku wannan, ba ragi, a maimakon tarihin da muka saba bugawa.

Oom Jafta, yanzu da kai nake. Kai ne ka sa gidanka da abincin 'ya'yanka a kan faifai saboda mutanen da suke zaginka. Kai ne ka sha naushi ka ƙi ramawa, sannan ka koma ka yi jinyar hannun da ya naushe ka. Ba ka taɓa riƙe tuta ba, ba ka iya jawabi ba, taken ƙasa ma rabinsa kake gunguni. Amma in kishin ƙasa shi ne mutum ya tsaya wa na kusa da shi ranar da tsayuwar ke da tsada, to ban san wanda ya fi ka ba a kwarin nan. Namijin duniya, mai hanci ɗaya da ya fi bakin mashaya goma. Na gode da uban da ka mayar mini. Na gode a madadin matan da suka daina tura 'ya'yansu ƙarƙashin gado.

Ku kuma mambobi, ku zo ranar bikin, ku sha da hankali, ku ɗauki hoton hasumiya yadda kuke so. In kun ga wani ɗan tsoho a gefe da kofin kofi yana neman hanyar sulalewa, ku tare shi ku kama hannunsa. In kun koma wuraren aikinku, kowa ya duba igiyar da aka ba shi ya ja, ya tambayi kansa wa take kira, kuma zuwa ga me.

Jiya 'yata, wadda ke aikin jinya a gari, ta karanta wannan kafin in aika. Ta ɗago ta ce, “Mama, wai yaya ƙararta take ne?” Na buɗe baki zan kwaikwaya mata, don har gobe tana cikin kunnena, sai na fasa. A gonar nan aka haife ta, a gindin hasumiyar nan ta yi wasa, kuma ba ta sani ba. Oom, wannan rashin sanin nata, aikinka ne.