Anti Filaya da Allon Bakin Ƙofa

Ranar Alhamis kwamitin da ke tsara ƙa'idojin ƙasa na kula da matan da aka ci wa zarafi ya miƙa daftarinsa ga ma'aikatar lafiya. Ba kya wurin. Allah Ya karɓi ranki ranar Talata, tara ga wata, bayan jinyar ciwon zuciya, a asibitin da kika ƙarar da ƙuruciyarki kina aiki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Anti Filaya muke ce miki, mu 'yan jarida da ma'aikatanki, ba ki kuma taɓa hana mu ba. Sunan ya samo asali ne daga shekarar da aka ba ki shugabancin sashen jin daɗin jama'a na asibitin. Kin tarar an ware ɗaki a ƙarshen baranda, an kafa masa allo da manyan haruffa cewa na waɗanda aka yi wa fyaɗe ko duka ne. Da kyakkyawar niyya aka kafa shi. Sai dai bencin jira yana ƙarƙashinsa, kuma duk mai zuwa karɓar magani ta nan yake bi. Wata safiya kika hango wata mata da kumburarren ido ta nufo bencin. Ta ga maƙwabciyarta a layin magani, sai ta karkata ta shiga layin kamar abin da ya kawo ta ke nan. Ta karɓi maganin ciwon kai ta tafi, ba ta sake dawowa ba. A ranar kika ari filaya wurin mai gyaran wuta, kika zare ƙusoshin allon da hannunki. Filayar ta zauna a jakarki. Mai ita ya gaji da tambaya ya haƙura.

A durowar teburinki kullum akwai zannuwa wankakku, saboda matan da aka riƙe tufafinsu a matsayin shaida. Wani mai ɗaukar hoton jarida ya taɓa roƙonki ya ɗauki wata ta baya. Kika ce, "Ɗana, ajiye kyamarar. Bayan nata ma danginta sun san shi."

Da aka sa ki a kwamitin, sakin layi ɗaya kika kafe a kai: kada a kafa allo, kada a ware ƙofa ko benci. Mace ta shiga ta inda kowa ke shiga, a kuma koya wa kowane ma'aikaci, daga mai gadi zuwa mai yanka kati, yadda zai raka ta ba tare da ya yi mata tambaya a gaban mutane ba. Masu ja da ke suna da hujjarsu, domin horar da mutane da yawa haka ba ƙaramin aiki ba ne. Shugaban kwamitin, wani dattijon likita, ya ce, "Haba Anti, in babu allo, yaya baiwar Allah za ta gane ɗakin?"

"Da allon ai ta gane shi, Likita," kika ce. "Ita da maƙwabciyarta."

Kika ciro filayar kika ajiye a kan tebur. Likitan ya janye allon sunansa da ke gabansa ya rungume, aka yi dariya, aka bar sakin layin a ranar.

Zama na ƙarshe ya same ki a gadon asibiti. Babbar 'yarki ta ce kina farkawa kike tambaya ko an taɓa sakin layin, tana ce miki, "Umma, ki huta mana."

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe kurakuranki, Ya suturta ki kamar yadda kika suturta 'ya'yan mutane. Ya ba maigidanki, 'ya'yanki da jikokinki haƙurin wannan rashi, tare da matan da ba za su iya fitowa su ce sun san ki ba.

A zaman ƙarshen, an kawo shawarar a ƙara wa sakin layin "inda hali ya yi". Mambobi biyu sun ba ni labari mabambanci kan yadda aka ƙare. Ma'aikatar ta tabbatar ta karɓi daftarin. Ba ta tabbatar da abin da sakin layin ya ce ba tukuna.