Kalilu da Tumatur Mai Tsaga

Kalilu Arzika manomin rani ne a fadamar Argungu, mutumin da zama wuri ɗaya ke yi wa wuya. Ko a majalisa, kafin a gama gaisawa ya miƙe, wai zai leƙa lambu. Shekara talatin yana shuka tumatur iri guda, wanda ya gada wurin mahaifiyarsa. Mai tsaga ake ce masa. Faffaɗa ne marar kyan gani, fatarsa ba kauri, amma ga tsami ga ƙamshi, guda uku sun ishi tukunyar miya. Aibinsa ba ya jure hanya, kafin kwando ya isa Birnin Kebbi rabi ya fashe. Shi ya sa maƙwabta suka koma irin kanti mai tauri, wanda sai an sake saye duk shekara. Shi kuwa nunannu yake matsewa, ya cuɗa 'ya'yan da toka, ya shanya, ya ɗura a gora.

Daminar bara gulbi ya yi ambaliya, ya rushe ɗakin da gorar take. Kwana biyu yana tonon laka, bai gan ta ba.

Daga ranar babur ɗinsa bai huta ba. Ya je Gulma, ya je Augie, ya bi duk wanda ya taɓa ba iri. Wani ya ce ya daɗe da barinsa, wani ya ce gara ta cinye. Matarsa Laure ta ce ya haƙura, tumatur ai tumatur ne. Ya ture kwanon tuwo ya fice.

Lokacin yafa iri na shirin wucewa ya biya unguwar Badariya a Birnin Kebbi, gidan 'yarsa Rauda, don ya sha ruwa kawai. Zama ya gagare shi, ya zaga bayan madafa. A inda take watsa ruwan wankin kayan miya sai ga tsiro uku sun fito da kansu, ɗaya har da ɗanyun 'ya'ya masu tsaga.

"Ke Rauda, wanga fa?"

"Na kwandon da kake kawo muna ne, Baba. Jibi nike son tuge shi, sauro yake tarawa."

Ya ari adda, ya saro ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki. Mako uku kullum yana bisa hanya, har guda bakwai suka nuna.

Bana kunya biyu kacal ya samu ya dasa. Irin da ya fitar ya raba shi gida huɗu. Kaso ɗaya na hannun Rauda, wadda yanzu ta hana kowa zubar da ruwan sabulu a bayan madafarta.